Tsofaffin Maduban Likita na Samaru da Sikelin 'Yan Gwangwan

Duk wanda ya saba bin titin da ya tashi daga Kwangila ya ratsa Palladan ya nufi Samaru ya san samarin nan masu tura kura ko baro, suna shiga lungu suna fita, suna sayen tsohon ƙarfe. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje da yawa, tana kuma rage mana bola. Ƙa'idarta ba ta da wuya. A ware baƙin ƙarfe gefe guda, dalma gefe guda, jan ƙarfe da tagulla gefe guda, sannan a ɗora a sikeli a yi ciniki. Tagulla tana cikin masu daraja, shi ya sa duk abin da aka ƙera da ita, in ya faɗo hannun ɗan gwangwan, da wuya ya kwana biyu bai sha guduma ba.

A wani garin wannan ba abin magana ba ne. A nan kuwa abin magana ne, domin cikin kayan tagullar da ke kwance a sito-sito da ɗakunan shirgi na wannan yanki akwai tsofaffin kayan binciken kimiyya, musamman madubin likita, wanda ake duba jini da ƙwari da ƙwayoyin cuta da shi. Da yawansu baƙin fenti ne a sama, in an kankare sai tagulla ta bayyana. Ra'ayina shi ne ya kamata a sami mutane a Zariya da za su ɗauki tara waɗannan kaya a matsayin aiki, su sa kuɗinsu da lokacinsu, tun suna nan. Na san wasu za su ce wannan sha'awar Bature ce da ya ƙoshi. Ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Gaskiya ne a Turai da Amurka abin ya fi kafuwa. Akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, wasunsu ma ba ruwansu da manyan maduban da ake girkewa a tebur, sai ƙananan da ake harhaɗawa a sa a aljihu a shiga daji. Tun 1776 wani likita a Birmingham, William Withering, ya bayyana irin ɗan madubin da mai nazarin tsirrai zai riƙa yawo da shi. Wanda ya fi shiga hannun mutane shi ne wanda Charles Gould ya tsara a shagon William Cary a Landan cikin shekarun 1820. Ɗan akwatin katako ne, tsawonsa inci uku zuwa huɗu. In ka buɗe za ka tarar da komai kwance a gurbinsa: sandar tagulla, bututun da ake sa ido, ƙwayoyin gilashi biyu ko uku da ake murɗa ɗaya a kan ɗaya don ƙara ƙarfin gani, ɗan hantsaki na riƙe ƙafar ƙwaro ko gashin fure, da wani kewayayyen madubi mai juyawa wanda ke karɓo hasken rana ya turo shi ta ƙarƙashin abin da ake dubawa. Sai a murɗa sandar a jikin akwatin, akwatin ya zama gindi. Ba wutar lantarki, ba batir. Mutum ya zauna a inuwa, ya juya madubin ya fuskanci sarari, ya sunkuya.

Kada ƙanƙantar abin ta sa a raina shi. Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen masana na zamaninsa. Da hannunsa ya riƙa yin ƙwayar gilashi wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ya matse ta tsakanin fallayen tagulla ko azurfa guda biyu, ya kafa tsinke a bayanta na riƙe abin dubawa. Da wannan ya ga ƙananan halittu suna yawo a ruwan tafki a 1674, ya kuma ga ƙwayoyin bakteriya a dattin haƙori a 1683, ya yi shekara hamsin yana aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan wasiƙun abin da ya gani. Mafi ƙarfi cikin nasa da suka rage yana girmama abu kusan sau 270. Bayansa da fiye da ƙarni guda, Robert Brown ya ga motsin nan na ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa da yau ake koya wa 'yan sakandare da sunansa, a 1827, kuma da madubi mai ƙwayar gilashi ɗaya tal ya gan shi.

To, mu ina namu ya shigo? Ka tsaya a Palladan ka ƙirga abin da ke kewaye da kai. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Ka miƙa gaba kaɗan ga Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962, da sassanta na nazarin halittu, likitan dabbobi da haɗa magunguna. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta girmi jami'ar da shekara arba'in, domin asalinta tun 1922. Ga kwalejin aikin gona, ga cibiyar fasahar fata, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga asibitin koyarwa. In ka juya ta cikin gari ga Wusasa, inda Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya tashi. Shekara ɗari ke nan ana sunkuyawa a kan madubin likita a tsakanin Sabon Gari da Shika. Kayan da aka fara da su jirgin ƙasa ne ya sauke su a tashar Zariya, ɗauke da sunayen maƙeransu: Watson, Beck da Baker na Landan, Cooke Troughton da Simms na York, Leitz da Zeiss na Jamus. A waje aka ƙera su, amma a nan suka tsufa, a hannun mutanenmu, a kan jininmu da amfanin gonarmu. Wannan ya ishe ni hujjar cewa namu ne.

Manomi ma yana da rabo a cikinsu ko bai sani ba. Dattawa ba su manta 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a faɗin Arewa, bayan fari ya riga ya jigata mutane, har noman gyaɗa ya kasa komawa yadda yake a zamanin dala. Ƙwayar cutar da kanta madubi irin wannan ba ya iya nuna ta, ta yi ƙanƙanta da yawa. Amma ƙwaron darɓa da ke ɗauke da ita daga tsiro zuwa tsiro, gilashin aljihu na malamin gona ya isa ya nuna maka shi a bayan ganye, da ƙafafunsa da bakin da yake tsotso da shi. Haka ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, mai kashe dawa da gero da masara. Irinsa bai kai rabin milimita ba, tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatarsa, kuma yana iya kwantawa a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar hatsi. Wanda bai taɓa ganin wannan iri a ƙarƙashin gilashi ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa ake nacin a tuge ƙuduji a ƙone kafin ya yi 'ya'ya. Masu binciken Samaru da suka fitar da irin auduga da dawa da gyaɗa masu juriya, da irin waɗannan kaya suka yi aikin.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Anchau, a ƙasar Kubau ta yanzu. Cikin shekarun 1930 cutar barci ta yi ɓarna a lardin Zazzau da maƙwabtansa. Tun 1902 Joseph Dutton ya bayyana ƙwayar cutar a Gambiya, an kuma san ƙudan tsando ne ke yaɗa ta a bakin rafuka, inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashe na musamman a ƙarƙashin Dokta H. M. O. Lester, aka riƙa tura ayari ƙauye-ƙauye. Yadda aikin yake shi ne, dagaci ya tara jama'arsa, a jera su, a bi kowa ana lalubar wuyansa. Wanda aka ji kaluluwa ta kumbura sai a ware shi, a soka allura a kaluluwar, a zuƙo ɗan ruwa a ɗiga a gilashi, a miƙa wa mai madubi. Shi kuwa yana zaune a rumfar zana ko gindin bishiya, hasken rana kaɗai ne fitilarsa, yana neman wata siririyar halitta mai wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jiki. In ya gan ta, an sami mai cuta. Mutanen da aka duba ta wannan hanya cikin shekaru goma sun kai miliyoyi, waɗanda aka samu da cutar kuwa dubban ɗaruruwa ne.

Turawan da ke cikin ayarin nan 'yan ƙalilan ne. Yawancin idanun da suka yi wannan aiki na 'yan ƙasa ne, samarin da aka koya wa aikin cikin 'yan watanni suka ƙware, suka yi ta yawo da akwatin madubi a kan ɗan dako ko a bayan keke. Daga baya aka zo da shirin Anchau ƙarƙashin masanin ƙwari T. A. M. Nash, aka sassabe bakin rafuka a fili mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da wasu ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Sunan Nash da na Lester sun shiga littattafai. Ka tambayi ɗalibin likitanci a Zariya ya ambata maka ko mutum ɗaya cikin samarin da suka ga cutar da idonsu, ka ji abin da zai ce.

Ba ina yabon mulkin mallaka ba ne, kuma labarin ba fari ba ne tas. Da doka aka tilasta wa mutane fitowa a duba su, da doka aka sa su aikin sassabe. An raba wasu da kufan iyayensu ba da son ransu ba. Allurar tryparsamide da aka yi wa da yawa tana ɗauke da gubar arsenik, ta warkar da mutane, ta kuma lalata idon wasu har suka makance. Duk wannan yana cikin abin da ya kamata jikokin mutanen Anchau su sani. Madubin da ya yi wannan yawo, in an same shi an ajiye, shaida ne a kan alherin da cutarwar gaba ɗaya, kuma yaro ya fi tsayawa ya saurari tarihi in ga abin a gabansa yana iya taɓawa.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Palladan da ya yi ritaya daga aikin lab a wani asibiti. Wata rana bayan la'asar hira ta kai mu ga wannan batu, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan gilashi mai naɗewa cikin kube na ƙarfe, an rubuta 10 a jikinsa, igiyar da ke ɗaure da shi ta yi baƙi saboda zufa. Na karɓa na miƙa hannu nesa ina leƙawa. Ya ce, "A'a ɗana, ba haka ake yi ba. Kawo shi dab da idonka, har ya kusa taɓa gira. Abin da za ka duba shi za ka matso da shi." Ya tsinko ganyen kuɓewa a bayan ɗaki ya ba ni. Da na yi yadda ya ce, sai ga gashi tsaye birjik a bayan ganyen, ga wasu fararen ƙwai a manne kusa da jijiya, ga wani ɗan ƙwaro yana ratsawa a tsakani.

Na ce, "Baba, da babu wuta yaya kuke yi da gwajin jini?" Ya ce taga ita ce wutarsu. Teburin lab a jikin taga ake sa shi, ba inda rana ke bugowa kai tsaye ba, inda sarari yake fari. Ya ce a zamaninsu ba ka isa ka rubuta cewa mutum ba shi da zazzaɓin cizon sauro ba sai ka zagaya fili ɗari a kan silaid ɗaya, kana murɗawa a hankali, kuma wanda ya koya masa aikin yakan tsaya a kansa ya tabbatar idanunsa biyu a buɗe suke, ɗaya a bututu ɗaya a takarda, don kada ido ya gaji kafin azahar. Ya bayyana mini yadda ƙwayar cutar take bayan an rina jinin, ɗan zobe shuɗi da ɗigo ja a gefe. Wannan ƙwayar cutar ce wani likita mai suna Laveran ya fara gani a Aljeriya a 1880. Baba ya gan shi sau dubbai, a jinin 'ya'yan maƙwabtansa. Babu wanda ya taɓa zuwa da takarda ko rikoda ya tambaye shi.

Kuma ba a asibiti da gona kaɗai irin wannan gilashi ya yi aiki ba. Ma'aikatan masaƙun Kaduna, tun daga wadda aka buɗe a 1957, sun yi amfani da ɗan gilashi mai ƙafa da ake ɗorawa a kan yadi a ƙirga zare nawa ne a inci guda. Masu ɗab'i, irin na kamfanin Gaskiya a nan Zariya, da gilashi suka riƙa duba ko tawada ta zauna daidai. Masu gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari suna maƙala nasu a ido, masu sayar da zinariya suna da nasu, yau kuma masu gyaran waya sun gaje su. Mai son fara tarawa ba sai ya jira na Landan na 1820 ba. Waɗannan su ne maduban aljihun da suka rayu a cikinmu, kuma yanzu ne ake samunsu da araha.

Za a ce mini mutane na fama da abin da za su ci, asibitoci na neman sababbin kaya, wa ke da lokacin tsohon ƙarfe? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Sai dai abin da nake kira a kai ba ya cin kasafin kowa, kuma yana da amfanin da ya wuce kallo. Ku tuna kurkunu. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami fiye da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. Ba allura aka yi masa ba, ba ƙwaya. Abin da ya kawar da shi shi ne mutane su yarda cewa akwai wani ɗan ƙwaro a ruwan kududdufi, mai tsawon milimita ɗaya ko biyu, wanda ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, su kuma yarda su riƙa tace ruwa da ƙyalle. Janar Yakubu Gowon, shi ma tashin Wusasa, ya yi shekaru yana bin ƙauyuka tare da Cibiyar Carter a kan wannan magana. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Shi wannan ɗan ƙwaro na ruwan kududdufi, gilashin Baba ya isa ya nuna shi. Al'ummar da 'ya'yanta suka taɓa ganin abin da ke cikin ɗigon ruwa ta fi saurin karɓar maganar tsafta da riga-kafi, kuma mu a Arewa mun san abin da rashin wannan yarda ya jawo mana.

Ƙorafin da ya fi damuna daban ne. Duk inda abu ya yi daraja, ɓarawo yana biye. Mun ga abin da ya faru da gumakan Nok a shekarun 1990, yadda aka tone ƙauyukan kudancin Kaduna aka kwashe su zuwa Turai, aka bar ramuka. Idan aka ji ana sayen tsofaffin madubai a Zariya, ba mamaki wani ya ɗauke wanda ɗalibai ke amfani da shi a wata makaranta ya kawo kasuwa. Don haka mai tarawa dole ya kafa wa kansa sharaɗi. Kayan gwamnati ba a sayensa sai ta hanyar gwanjon da hukuma ta amince da shi, da takarda a hannu. Wanda yake ɗauke da lambar wata ma'aikata, kuma mai sayarwa ya kasa faɗin inda ya samo, a bar masa abinsa, in da hali ma a sanar da ma'aikatar. Su kuwa 'yan gwangwan abokan aiki ne, ba abokan gaba ba. Sikeli ne kawai ma'aunin da aka ba su. In wani ya je ya nuna musu hoto, ya ce duk sanda irin wannan ya shigo a kira shi kafin a fasa, zai biya fiye da kuɗin kilo, za su kira. Sai kuma a yi hattara da jabu, domin intanet cike take da sababbin maduban tagulla masu ƙyalli da ake sayarwa da sunan tsofaffi. Na gaske yana da sunan maƙeri da lamba a zane, zaren sukurorinsa yana tafiya sumul, kuma in ka leƙa yana nuna abu.

Wani zai ce ai wannan aikin hukumomi ne, me ya kawo ɗaiɗaikun mutane? Hukuma tana da nata aikin, amma tarihi ya nuna ba ta cika riƙe irin wannan amana ita kaɗai ba, ko a ina ne. Leeuwenhoek ya yi wasiyya da madubai 26 na azurfa ga Royal Society, aka kai su bayan rasuwarsa a 1723. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 sun ɓace, har yau ba a gan su ba. Cikin ɗaruruwan da ya ƙera, kimanin goma ne suka rage a duniya, ɗaya an yi gwanjonsa a Landan a 2009 a kan fiye da fam 300,000. Gidan tarihin kimiyya na Oxford ya samo asali ne daga kayan da wani ɗan kasuwa, Lewis Evans, ya tara ya bayar a 1924, da kuma naci na Robert Gunther, wanda ya bi kwalejoji yana zaƙulo tsofaffin kaya daga inda aka jibge su. Na Cambridge kuma Robert Whipple ne ya ba da nasa a 1944. Ma'aikaci aikinsa ya rubuta cewa kaya ya lalace a fitar da shi daga lissafi, kuma bai yi laifi ba. Mai sha'awa ne yake ganin abin da lissafi bai gani ba.

Mu ma mun taɓa yin irin wannan, kuma mun ci riba. Da Waziri Junaidu bai tara rubuce-rubucen Sakkwato ya adana ba, da su Abdullahi Smith ba su bi gidajen malamai cikin shekarun 1960 suna neman littattafai suna ɗaukar hotonsu ba, da Gidan Arewa na Kaduna da aka kafa a 1970 bai zama abin da ya zama ba. Mun san darajar takarda, mun san ta takobi da alkyabba da tambari. Kayan aikin likita da malamin gona ne ba mu saba ɗauka a matsayin gado ba, wataƙila don muna ganin baƙi ne. Bayan shekara ɗari a Samaru, baƙuncin ya ƙare.

Ga wanda Allah ya sa wani ya faɗo hannunsa, ko ya tarar da shi a kayan mahaifinsa, yanayinmu yana da haɗari biyu. Da damina laima tana sa fumfuna ta tsiro a kan gilashi, ta yi zare-zare, in ta daɗe ta ci fuskar gilashin yadda ba ya gyaruwa. Maganinta wuri busasshe mai iska, da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Da hunturu kuma ƙura ce, kuma ƙurar hunturu yashi ce. Kada a goge gilashi da bakin riga. A fara hure ƙurar da abin hura iska, sannan a shafa da takarda mai laushi ta goge tabarau. Abin da ya fi ɓata tsohon madubi shi ne kyakkyawar niyya. Mutum ya ga tagulla ta dushe, ya kawo toka da lemon tsami ko man goge ƙarfe ya dirje ta har ta yi ƙyalli, bai san ya cire shafen da maƙeri ya yi mata ba, wani lokaci har da lambar ma'aikatar da ta yi amfani da ita. A bar ta da dushewarta. Sukurun da ya cije kada a tilasta shi. Akwati, makulli, ko wata tsohuwar takarda da aka manna a cikin murfi, duk a bar su tare, don sau da yawa su ne ke faɗin inda abin ya yi aiki.

Ba kuma na son a tara a kulle. Yawancin waɗannan madubai suna aiki har yanzu, kuma da yake da hasken rana aka tsara su, sun dace da makarantar da ba ta da wuta. Tunanin kai madubi inda mutane suke bai taɓa mutuwa ba. Dokta John McArthur ya ƙirƙiro nasa na aljihu cikin shekarun 1930, ya yi binciken zazzaɓin cizon sauro a Borneo, daga baya har aka yi na roba aka raba wa dubban ɗaliban jami'ar koyo daga gida ta Ingila. A 2014 Manu Prakash da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fito da Foldscope, na takarda, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana girmama abu sau 140. Ɗaki guda a Samaru ya isa, ko a jami'a ko a wata sakandare, inda za a jera tsofaffin a gefe da bayanin kowanne da Hausa, a sa biyu ko uku masu ƙwari a jikin taga, yara su zo da fatar albasa, da zaren auduga, da ruwan Kubanni a kwalba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen. Wanda ya fara aikin lab ko na malamin gona a shekarar da aka buɗe jami'a, yau ya haura tamanin. Su ne za su iya ɗaukar madubi su ce wannan irinsa muka yi amfani da shi a wuri kaza, wane ne ya koya mini, cuta kaza ce ta fi yawa a lokacin, ga yadda muke haɗa rini in na kanti ya ƙare. Wayar hannu ta isa ɗaukar wannan, kuma ɗaliban sashen tarihi da na nazarin halittu suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai kowace shekara. Ƙungiyoyin 'yan fansho na asibitoci da na cibiyoyin bincike suna da sunayen waɗannan dattawa da unguwanninsu, da yawansu suna nan Palladan, Hayin Dogo, Bomo da Muciya. Daga wurinsu ya kamata a fara, a je da gaisuwa da goro, a zauna har su gama magana.